Jarin Gini da Jarin Mutum a Bakin Dajin Yankari



An nemi in yi magana kan ɗaukar ma'aikata masu kiyaye muhalli a harkar yawon buɗe ido, da yadda hakan ke shafar inda mai ƙaramin jari zai zuba kuɗinsa. Zan tsaya a Yankari, don ita muka sani. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, ya dawo wa jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Duk baƙon da ya shiga ta ƙofar Mainamaji giwa ya zo gani, da ɓauna da gwanki, sannan ya tsoma jikinsa a ruwan ɗumi na Wikki. Ba wanda ya baro Legas don kallon tayil ɗin ɗakin kwana.

Amma ku ba mai masauki ko mai gidan abinci kuɗi yau, ku ga inda za su tafi: bulo, fenti, janareta, firji. Ma'aikaci kuwa, sai maigidan ya ɗauko ɗan ƙanin matarsa. Kada mu yi saurin zarginsa, yana da hujja. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci ya ɗara haka. Banki na karɓar gini jingina, ba ya karɓar ƙwarewar ɗan jagora. Ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Kuma gini ba ya ajiye aiki, alhali yaron da ka kashe wa kuɗin horo gobe maƙwabci zai ƙara masa dubu biyar ya ɗauke shi.

Duk da haka ina ganin lissafin ya karkace, domin abin da ake sayarwa a nan dajin ne, kuma hannun ma'aikaci ke raya shi ko kashe shi. Kuku da ke sayen itace da gawayi ba ya tambayar daga ina, ko ya karɓi naman daji da daddare don ya fi araha, yana cin jarin maigidansa ne daga tushe. Mai shara da ke barin leda da ragowar abinci a fili shi ke koya wa birai sata. Wanda ya kwana a sansanin Wikki ya san yadda gwaggon biri ke fizge abinci daga hannun mutum. Direba mai danna hon don giwa ta juyo a ɗauki hoto, gobe ba za a same ta a wurin ba. Ɗan jagora kuwa, babu kamar tsohon maharbi. Ya duba sawu ya ce maka tun asuba garken ya wuce, ya san mashayar da za su faɗo da la'asar. Ba a koyar da wannan a jami'a, mu da muke koyarwa mun sani. In ka ba shi albashi ka sami gwani, dajin kuma ya huta da bindiga guda.

Mu leƙa Nijar. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Bayan shekara 20 da 'yan kai sun haura 600. Cikin dalilan akwai 'yan jagora 'yan asalin ƙauyukan, waɗanda suka kafa ƙungiya, suke raka baƙi, suke taya ƙidaya, suke lallashin manomi in dabbar ta cinye masa wake. Sai ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, har da shugaban 'yan jagorar, Allah ya jiƙansu. Ƙafar baƙi ta ɗauke. Na kawo wannan don kada a ce na ɓoye haɗarin kasuwar: tsaro na iya shafe ta dare ɗaya, kuma wanda ya ci bashi ya yi gini shi ya fi shan wuya.

Abin da na ɗauka daga Kure shi ne ƙungiya. Mutum ɗaya ba zai horar da ma'aikaci don maƙwabci ya mora ba, amma masu masauki da masu mota da masu abinci na Alkaleri, ƙaramar hukumar da dajin yake, za su iya yin karo-karo, su horar da matasa tare, su daidaita albashi. Hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN da Bankin Masana'antu kuma su yarda kuɗin horo ya shiga cikin rance, kamar yadda kuɗin siminti ke shiga.

Saura damina, wadda kowa ke tambayata a kanta. Ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun watse daga kogin Gaji da ya ratsa dajin, baƙi sun ragu. Kada ku sallami wanda kuka horar. Ku rubuta tun ranar ɗauka cewa daga Yuni zuwa Oktoba rabin albashi ne, ya tafi gonarsa, kaka ta yi ya dawo bakin aiki.