Dinarina Ya Ishe Ni, Sai Da Na Ga Na Maƙwabcina

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya buɗe Bisharar Matiyu sura 20, daga aya 1 zuwa 16.

A wurin nan Yesu ya ba da misalin wani mai gonar inabi. Ya fita da sassafe neman 'yan ƙodago, suka shirya da shi a kan dinari ɗaya, wato ladan aikin yini guda a wancan zamani. Ya sake fita wajen ƙarfe tara, da tsakar rana, da ƙarfe uku, yana ƙara ɗaukan mutane. Har wajen ƙarfe biyar na yamma ya sami waɗansu a tsaye, ba wanda ya ɗauke su, ya tura su gonar. Da lokacin biya ya yi, aka fara da na ƙarshe, kowa ya karɓi dinari ɗaya. Na farko suka ga haka, suka sa rai za a ƙara musu. Su ma aka miƙa musu dinari ɗaya, sai gunaguni ya tashi.

Ɗan'uwana, ka lura da abu guda. Da safe, dinarin nan abin murna ne. Mutumin ya tafi gona da sauri, yana lissafin hatsin da zai auno wa iyalinsa. Da yamma aka ba shi dinarin nan cif, ba a rage ko ƙwandala ba. Me ya sa ya zama da ɗaci? Domin ya leƙa tafin hannun wani. Mai gonar ma abin da ya tuna masa ke nan: ba a cuce shi ba, abin da suka shirya shi aka ba shi, alherin da aka yi wa wani ne yake ci masa rai.

Masana halin ɗan Adam sun daɗe suna binciken wannan. A shekarar 1954 wani masani a Amurka mai suna Leon Festinger ya bayyana cewa idan mutum ba shi da ma'aunin da zai gwada kansa, yakan auna kansa da mutanen da suke kama da shi. Shi ya sa dukiyar wani attajiri a Legas ba ta hana ka barci, amma kwanon da ɗan'uwanka ya sa wa ɗakinsa yana hana ka. A 1998 kuma aka buga sakamakon wata tambaya da aka yi wa ɗalibai da ma'aikata a Jami'ar Harvard. An ce su zaɓa: ko su sami dala dubu 50 a shekara alhali sauran mutane suna samun dubu 25, ko kuwa su sami dala dubu 100 alhali sauran suna samun dubu 200, farashin kaya kuwa ɗaya ne. Kusan rabinsu suka zaɓi dubu 50. Sun yarda su yi asarar rabin abin hannunsu, in dai za su kasance gaba da maƙwabta.

Abin bai tsaya a zuciya ba, yakan kai ga aljihu. A ƙasar Holan akwai wata caca da ake ba wanda ya ci sabuwar mota. Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa maƙwabtan waɗanda suka ci sun fi sauran mutane sayen mota cikin watannin da suka biyo baya. Kuɗinsu bai ƙaru ba, motar da ke ƙofar gidan maƙwabci ce ta tura su. Mu ma mun san wannan. Mun ga wanda ya sayar da masararsa da kaka, lokacin da take da araha, domin kayan Kirsimeti na 'ya'yansa kada su kasa na gidan wane. Damina ta zo, ya koma sayen hatsi da tsada. Mun ga iyalin da suka jinginar da gonar gado domin bikin aure na yini ɗaya, shekara uku suna biyan bashi.

Kishi yana da abokin tafiya, shi ne mantuwa. Ku duba Littafin Ƙidaya sura 11. Isra'ilawa suna jeji, Allah yana ba su manna kowace safiya. Sai suka fara kuka, suna tuna kifin da suka ci a Masar, da kankana, da albasa, da tafarnuwa. Har suka ce kyauta suke cin kifin. Kyauta? Ina tubalin da aka tilasta musu yi ba tare da an ba su ciyawa ba? Ina bulalar shugabannin aikin gandu? Ina 'ya'yansu maza da Fir'auna ya ce a jefa cikin Kogin Nilu? Zuciya ta riƙe ɗanɗanon miya, ta zubar da zafin bauta. Haka tunanin mutum yake aiki. A 1997 waɗansu masana a Amurka suka bi mutanen da suka tafi hutu, suna tambayarsu kafin tafiya, da cikin tafiya, da bayan sun dawo. Suka tarar cewa bayan dawowa mutane sukan ce tafiyar ta fi daɗi fiye da yadda suka faɗa sa'ad da suke cikinta. Ruwan da ya dake su da gajiyar hanya duk sun dushe.

Ga inda haɗarin yake: da abin da muka tuna muke yanke shawara. A sura 14 ta Littafin Ƙidaya, mutanen nan suka ce a naɗa wani shugaba ya komar da su Masar. Suna bakin ƙasar alkawari, amma suka so komawa bauta. Wannan tsara ta ƙare a jeji cikin shekara 40. 'Yar'uwa, sa'ad da kike cewa gara jiya da yau, kin tuna dukan jiya ne, ko albasar kaɗai kika tuna?

Kada wani ya ji ni a karkace. Ban ce talauci ba kome ba ne. Wanda ba shi da kuɗin magani ko kuɗin makarantar yara, damuwarsa ta gaskiya ce, binciken masana ma ya nuna ƙarin kuɗi yana sauƙaƙa wa matalauci rayuwa ƙwarai. Ban kuma ce ka yi shiru idan an danne hakkinka ba. Yakubu sura 5 ta yi kashedi mai zafi ga masu hana ma'aikata ladansu. Amma neman abin da ka rasa dabam, baƙin ciki don wani ya samu dabam.

To, me za mu yi? Na farko, kafin ka ci bashi ko ka sayar da abin da ke rumbu, ka tambayi kanka: da ba wanda zai gani, zan sayi abin nan? Ka kwana a kan maganar, ka yi shawara da matarka, ke ma da maigidanki. Na biyu, ku ajiye abin tuni. Allah ya umarci Musa a ajiye manna cikin tulu domin tsararraki masu zuwa. Joshuwa ya kafa duwatsu 12 daga Kogin Urdun. Ku sami ɗan littafi a gida, ku riƙa rubuta wahalar da kuka shiga da yadda Ubangiji ya fishe ku, da kwanan wata. Ranar da zuciya ta fara gunaguni, ku buɗe ku karanta wa yara da harshenku na gida. Na uku, idan maƙwabcinka ya samu, ka tashi ka je ka yi masa barka, ka yi addu'a dominsa da sunansa. Da wuya ka ci gaba da ƙyashin mutumin da kake roƙa wa albarka.

Manzo Bulus ya gaya wa Filibiyawa a sura 4 cewa koyon wadar zuci ya yi, cikin ƙoshi da cikin yunwa, yana kurkuku kuwa sa'ad da ya rubuta. Abin da aka koya, kai ma za ka iya koyonsa. Ka kuma tuna, a gonar Allah mu ne 'yan ƙarfe biyar. Ceton da muka samu ba ladan wahalarmu ba ne, alheri ne ta wurin jinin Yesu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin abincin yau. Ka gafarta mana gunaguninmu. Ka kawar da idanunmu daga hannun maƙwabci, ka sa su a kanka. Ka tuna mana da inda ka ɗauko mu. Ka biya bukatar gwauraye da marayu da dukan waɗanda rumbunsu ya ƙare. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, idan Ubangiji ya bar mu da rai. Ku zauna cikin salamarsa.