Dokar Daidaita Maza Da Mata: Ina Gadon Ƙanwarka?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa 'yan uwa matasa a unguwar Tukur-Tukur, Zariya. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), 'yan uwa, maganarmu ta yau a kan abin nan ne da gwamnati ke kira daidaita maza da mata. Da yawanmu da an ambaci wannan kalma sai mu ce makircin Turawa ne, mu tashi mu kakkaɓe riga. To, kafin mutum ya ƙi abu, ya kamata ya san shi tukuna.

Asalin maganar daga Majalisar Ɗinkin Duniya ta taso. A 1979 ta fito da yarjejeniyar hana nuna wa mata bambanci, Nijeriya kuma ta rattaba amincewarta a 1985. A 1995 aka yi babban taron mata a Beijin ta ƙasar Sin. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta fito da manufar da ta yi wa mata alkawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. Aka kwashe shekara 16 ba a cika ba, har sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umurni a 2022 cewa a cika. Da aka yi zaɓen 2023, matan da suka shiga Majalisar Dattawa mai kujera 109 ba su kai biyar ba. Kun ga ke nan ita kanta gwamnatin alkawari take yi a takarda, ta ajiye shi a takarda.

Sai kuma ƙudurin da Sanata Biodun Olujimi ta kai Majalisar Dattawa, wanda aka yi watsi da shi a watan Maris na 2016. A watan Disamba na shekarar, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya fito a Gusau ya ce Musulmi ba za su karɓi dokar da za ta daidaita rabon gado ba. A nan kam babu ja. Rabon gado Allah ne Ya yanka da kanSa a Suratun Nisa'i: ɗa namiji yana da rabon 'ya'ya mata biyu, matar mamaci tana da sumuni idan akwai ɗa, rubu'i idan babu. Kuma da hikima a ciki, domin namiji ne aka ɗora wa sadaki da ci da sha da tufafi da muhalli, ita kuwa abin da ta samu nata ne ita kaɗai. Ba majalisar da ta isa ta gyara wannan da ɗaga hannu.

To amma 'yan uwa, ga inda gizo ke saƙa. Mun ce ba mu yarda a ba mace daidai da namiji ba, rabi Allah Ya ba ta. Na'am. To rabin, an ba ta? Gidaje nawa ne a cikin birnin nan da uba ya rasu shekara goma, yayye maza sun zauna a gida, sun noma gona, sun sayar da fili, ƙannensu mata ko sisi ba su gani ba? In ta yi magana a ce ba ta da kunya, tana so ta raba zumunci. Wanda ya cinye gadon ƙanwarsa sannan ya fito yana kabbara don an kayar da dokar Abuja, shi ma ya soke hukuncin Allah, sai dai shi bai kai nasa majalisa ba.

Haka sha'anin aure. Shari'a ta ce a nemi yardar yarinya kafin a ɗaura. Sadaki nata ne, ba na waliyyi ba. Idan an sake ta, a ɗakinta za ta yi idda, kuma ciyar da 'ya'ya yana wuyan uba. Amma je ka kotun shari'a ka zauna wuni ɗaya, ka ga mata da goyo suna neman kuɗin abincin yara a hannun mazan da suka kore su da dare. Wannan ba daga Beijin aka kawo mana shi ba, a gidajenmu muka ƙera shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma kada wani ya ce mana wannan magana baƙuwa ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata addini. A garin nan namu, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a zamanin NEPU tana neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976. Ta rasu a 2001, ga asibiti nan da sunanta a Ƙofar Gayan.

Saboda haka aiki uku ne a gabanmu. Na farko, duk dokar da aka kawo a nemo ta a karanta, a kai wa malamai, a ware abin da ya saɓa wa shari'a a ƙi shi da hujja, abin da ya dace da ita, kamar hana duka da fyaɗe da ke cikin dokar jihar Kaduna ta 2018, a ƙarfafa shi. Na biyu, wanda ya san akwai gadon da ba a raba ba a gidansu, ya je ya tayar da maganar cikin ladabi, ko da kuwa rabonsa ne zai ragu. Na uku, ku da ba ku yi aure ba, ku koyi hukuncin aure da saki kafin ku kai kuɗin gaisuwa, kuma kada ƙanwarka ta bar makaranta saboda kuɗin littafi alhali kana da na sayen kati.

Ranar hisabi ba za a tambaye ka abin da sanatoci suka yi ba. Za a tambaye ka uwarka da matarka da 'yarka da ƙanwarka. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.