Ƙasa a Kan Rufi: Jawabin Kwamitin Gine-gine a Taron Wata

 

Kowa ya san tun da aka kafa Sabo a nan Ibadan a 1916 jama'a ke ƙaruwa, fili kuwa bai ƙaru ba. Shi ya sa duk wanda iyalinsa suka yi yawa sai ya ƙara ɗaki. To yanzu wasu sun zo mana da shawarar in sun zuba dekin a sabon ɗakin, su shimfiɗa ƙasa a sama su shuka alayyafo da yakuwa, ɗaki ya yi sanyi, miya ta samu. Dabara ce mai kyau, a Jamus ma an daɗe ana yi. Wani dattijo har ya ce mana ai a soro aka haife shi, ƙasa a kan azara ba baƙuwarsa ba ce. Gaskiya ne, Baba. Amma ƙasar soro dandaɓe ta ake yi don ruwa ya zarce ta indararo. Ta lambu kuwa aikinta ta sha ruwa ta riƙe, ga shi damina a nan ta fi ta Kano tsawo nesa ba kusa ba.

Ku zo mu yi lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, in aka zuba masa ƙasa mai kaurin inci 6 ta jiƙe sharkaf, nauyinta ya kai wajen tan 3 da rabi. Buhun siminti 70 ke nan, kuna kwance a ƙarƙashinsu ku da yara! In indararo ya toshe ruwa ya kwanta inci 4, an ƙara fiye da tan 1. Wannan kaya daga dekin zai sauka kan ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa fandisho, fandishon da da yawa an haƙa shi ne don ɗaukar kwano kawai.

Saboda haka ba aikin birkila ba ne shi kaɗai, komai iyawarsa. A nemo injiniya mai rajista da COREN, ya tona ya ga fandisho, ya faɗi kaurin rodi da yawansa, kuma a sami izinin hukuma. Ya rubuta rodi mai milimita 12, kada a sayo mai 10 don ragowar kuɗi. Kankare sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kada a ɗora masa ƙasa kafin nan. A shimfiɗa abin hana yoyo tukuna, domin ruwa in ya kai ga rodi tsatsa ke cinye shi a ɓoye. Ba mu manta benen Ita Faji a Ikko ba, wanda ya rufta a Maris 2019 da 'yan makaranta a ciki. Allah Ya kiyaye.

Wanda gininsa ba zai ɗauka ba, ya shuka a 'yan buhuna a tsakar gida. Mai shirin ƙarin ɗaki kuma ya same mu da zanen gidansa ranar Lahadi bayan la'asar.