Idan Rumbun Kwamfuta Ya Kwanta Ciwo: A Kwashe Amana Kafin a Nemi Gyara



Wani ɗalibi ya taɓa shigowa ofishina da rumbun ajiyar kwamfutarsa a naɗe cikin hankici. Kundin digirinsa na biyu yana ciki, gumin shekara biyu. Ya ce, "Malam, ƙara yake ta yi ƙas-ƙas-ƙas, shi ne na sa sukundireba na buɗe, in ga abin da ya maƙale." Da na ɗaga murfin sai ga shatin babban yatsansa a kan faifan, ga kuma wani siririn zobe da allura ta karta. Rubutun da ke kan zoben nan ya riga ya zama gari. Garin neman gira an rasa ido.

Bari mu leƙa cikin na'urar. Fayafai ne na alminiyom ko gilashi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Allurar da ke karatu ba ta taɓa su. Shawagi take a kan iskar da juyin ke tayarwa, da tazarar da kaurin gashin kai ya ninka ta sau dubbai. Saboda haka ƙwayar ƙura ɗaya tamkar dutse ce a kan hanyarta. Shi ya sa ƙwararru ba sa buɗe murfin sai inda aka tace iska. Mu kuwa, a lokacin hunturu, teburin da aka goge da safe kafin azahar ya yi fari fat.

Ciwon iri uku ne. Na farko, an goge fayil ko an yi fomatin bisa kuskure, amma na'urar lafiya lau. Wannan kana iya magance shi a gida da manhajojin TestDisk da PhotoRec, kyauta, muddin ba ka rubuta sabon abu a kai ba. Na biyu, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona allon lantarkin da ke bayansa. Sauya allo da irinsa sau da yawa ba ya wadatarwa, domin akwai ƙaramar ƙwaya a jiki mai ɗauke da saitin wannan rumbu shi kaɗai, sai an ɗauke ta an dasa a sabon allon. Na uku, ƙarar nan ta ƙas-ƙas: allura ce ta kasa gano matsayinta. A nan kowace kunnawa ƙarin ɓarna ce. Kashe shi nan take. Kada ka bubbuga shi, kada ka sa shi a firiza, domin raɓa za ta kwanta a kan faifan.

Idan kuwa yana karantawa da ƙyar, kada ka sa kwamfuta ta gyara shi. Ɗauki kwafinsa gaba ɗaya zuwa wani rumbu lafiyayye da manhajar ddrescue, wadda ke fara kwashe wurare masu kyau kafin ta koma kan masu rauni. Duk wani gwaji a yi shi a kan kwafin.

Ga misalin aikin ƙwararru: a 2003 jirgin sama-jannati Columbia ya tarwatse a sararin Texas ta Amurka. An tsinci wani rumbun Seagate a ƙone cikin tarkacen. Kamfanin Kroll Ontrack ya zare faifan, ya tsabtace, ya dasa a wani rumbu, ya ceto kashi 99 cikin ɗari na bayanan gwajin kimiyyar da ke ciki. Abin da ya tsira daga wuta da faɗowa daga sama, yatsa ɗaya na iya hallaka shi a kan tebur.

Ɗalibin nan sai da ya sake rubuta babi uku daga takardun hannunsa. Ina roƙon ku, kafin ku kwanta yau, ku ajiye aikinku kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban da inda kuke. Rigakafi ya fi magani.