Hayaƙin Titi Ba Ya Sallama

Uwargida, kina cikin gida, kina ganin ba ruwanki da hayaƙin mota. To hayaƙi dai ba ya tsayawa a zaure ya yi sallama, ta kan katanga yake shigowa, har ɗakin da jaririnki yake barci.

A da ana zuba wa fetur dalma. Ta fita da hayaƙi, ta kwanta cikin ƙura, mai rarrafe ya kai baki, ta dakushe masa ƙwaƙwalwa. Ƙasashenmu na kudu da Sahara sun daina sayar da wannan fetur a 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Alhamdulillahi. Amma baƙin hayaƙin dizal da na tsofaffin injuna yana nan, yana tayar da asma.

A 2023 gwamnatin Najeriya ta fara shirin mayar da motoci da A Daidaita Sahu kan iskar gas, wadda hayaƙinta bai kai na fetur ba. Kafin ta wadata, ki lallaɓa maigida ya riƙa tayar da babur a waje, ba a tsakar gida ba. Janareta kuwa a kai shi nesa da taga, don hayaƙinsa yana kashe mutane suna barci.