JAWABI A KAN RAUNIN TSUFA DA SANYIN ƘAUYUKANMU NA KAN DUTSE

Muna murnar wannan biki na cika shekara 50.

Kwamitin shirye-shirye ya ba ni ɗan lokaci, ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan waɗanda ba su zo ba. In kun duba sunayen waɗanda suka kafa wannan majami'a, waɗansu sun riga sun huta, waɗansu ga su a kujerun gaba, amma da dama suna can ƙauyukan kan dutse, wajen Bokkos da Pankshin da Mangu, inda suka koma bayan ƙarfi ya ƙare. Wanda ya ɗauki yashi a ka yana ɗan shekara 28, yau shekararsa 78.

In muka ga tsoho ya fara lalacewa mukan ce, "Ai tsufa ne," mu bar maganar a nan. Amma likitoci sun raba tsufa da rauni. A 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, tare da abokan aikinta, sun bayyana alamu biyar na wannan rauni: ramewa ba dalili, kamar kilo huɗu da rabi cikin shekara ɗaya, gajiya kullum, hannu ya rasa ƙarfin riƙo, tafiya ta koma a hankali, mutum ya daina kai da kawowa. Wanda yake da uku daga cikinsu ya raunana. Mai ɗaya ko biyu yana kan hanya, a lokacin ne kuma taimako ya fi amfani. Ba a bukatar na'ura kafin a ga waɗannan. Ku duba wandon Baba ko ya yi masa yawa. Ku ba Mama hannu ku ji yadda za ta riƙe ku. Mai rauni kamar gida ne da rumbunsa ya kusa ƙarewa: ana ci yau, amma ba abin da za a tari wata masifa da shi. Murar da saurayi zai yi kwana uku ya warke, ita ce za ta kwantar da wannan tsoho wata guda.

To, ga sanyi. Garin Jos yana kimanin mita 1,200 sama da teku, waɗansu ƙauyukanmu sun fi haka, kun kuwa san yadda daren Disamba da Janairu yake, da damshin watan Agusta. Littafin Sarakuna na Fari ya fara da labarin Sarki Dawuda a kwanakin tsufansa, ana lulluɓe shi da tufafi amma ba ya jin ɗumi. In haka ta sami sarki a fadarsa, ina ga gwauruwa a bayan dutse? Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, rai yana cikin haɗari. Abin tsoro shi ne, tsoho ba ya jin sanyi da wuri kamar yaro, ba ya kuma rawar ɗari sosai, saboda haka ba zai yi kuka ba. Sai dai ku ga harshensa ya yi nauyi, barci ya dame shi, maganarsa ta rikice. Mu kuwa sai mu ce ya fara ruɗewa, a waɗansu wurare har a jefi tsohuwa da zargin maita, abin kunya ne ƙwarai. Irin wannan mutum a cire masa jiƙaƙƙen tufafi, a rufe shi da bargo har kai, a ba shi kunu mai ɗumi in yana iya haɗiya, a nemi asibiti. Kada a manna shi da wuta, kada a murza masa hannuwa da ƙafafu. Sanyi kuma yana ta da hawan jini, daga nan shanyewar ɓarin jiki ba nisa.

Bari in taɓa mu 'yan birni. Mun rushe wa iyayenmu ɗakin laka da jinka, mun gina musu na bulo da kwano da daɓen siminti, muna murna. Niyya mai kyau ce. Amma kwano marar silin yana sakin ɗumi da zarar rana ta faɗi, siminti kuma yana tsotse zafin jikin mai kwana a tabarma. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18 a lokacin sanyi. Da tsohuwa ta ji ɗakin ya yi ƙanƙara, sai ta shigo da kaskon gawayi ta rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya yi barci ba zai farka ba. Silin da katifa da safa da hular sanyi sun fi fentin waje amfani. Burkutu ma, ban da abin da muke faɗa a kansa kullum, ɗumin ƙarya yake bayarwa, domin yana turo jini zuwa fata, zafin jiki ya tsere.

Abinci kuma, haƙora sun zube, mai girki ba ta nan, sai tsoho ya wuni da kunu kawai. Naman jikinsa yana bukatar wake mai laushi, ƙwai, nono, kifi, gyaɗa da waken suya, ba tuwon masara ko acca kaɗai ba. Kada kuma ku hana shi motsi da sunan tausayi. Kwana goma a kwance yana cinye ƙarfin ƙafafun tsoho ƙwarai, daga nan sai faɗuwa da karayar ƙugu, ga asibiti sai an yi tafiya mai nisa a kan babur cikin duwatsu. A bar shi ya je lambu, ya shiga rana, ya tashi daga kujera da kansa.

Waɗanda hare-haren Kirsimeti na 2023 suka kora daga ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi sun san abin da kwana a waje cikin hunturu yake yi wa tsoho. Gwamnati ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, da sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022 wadda ta tanadi asusu domin marasa galihu. Mu nemi haƙƙin iyayenmu a wurin. Amma doka ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar Mama da ƙarfe shida na safe ta ga ko ta tashi ba.

Roƙona ga majalisar dattawa shi ne, kafin watan Nuwamba a rubuta sunan kowane ɗan ekklisiya da ya wuce shekara 70, musamman mai kwana shi kaɗai, na nan da na ƙauye. A ba kowannensu gida ɗaya na kusa da zai leƙa shi safe da yamma. Zumuntar Mata su ɗauki maganar abinci, matasa su ɗauki itace da ruwa da toshe ramukan ɗaki, ma'aikatan jinya da muke da su kuma su riƙa auna jini sau ɗaya a wata bayan sujada. Daga baikon wannan biki ina roƙo a ware kashi domin barguna da silin, a kuma karanta mana lissafinsa a taron ƙarshen shekara.