Jirgi a Tasha da Igiyar Wuta: Darasi ga Mutanen Kan Iyaka



Watakila wani ya ce, ina ruwan mutumin Isa ko na Sabon Birni da zancen jiragen ruwa, alhali galibinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya wuce na gulbi da damina ba? To, babura da injinan ban-ruwa da ake sayarwa a kasuwanninmu, akasarinsu ta teku suka shigo. Ban da wannan kuma, matsalar da za mu tattauna a yau tamu ce ta kullum.

Idan babban jirgi ya iso tasha, akan kashe injin da ke tura shi, amma ƙananan injinansa ba su hutawa. Su ne ke ba da wutar fitilu, da famfuna, da ɗakin girki, da akwatunan sanyaya kaya. Haka za su kwana su wuni suna ƙona mai, hayaƙi na sauka a kan unguwannin da ke kusa. Watau dai jirgi a tasha tamkar mai shago ne a kasuwar Isa da janareta a bakin ƙofa, sai dai shi jirgi guda yana iya shan wutar da za ta ishi ƙaramin gari. A Ikko, masu shaƙar irin wannan hayaƙi su ne mazauna Apapa da Ajegunle, da leburori, da direbobin tirela da tanka, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne da suka je nema.

Maganin da aka samo shi ne a miƙa wa jirgin igiyar wuta daga tudu, ya jona, ya kashe injinansa. Tashar Gotenbag ta ƙasar Suwidin ta soma ba manyan jiragen kaya wuta mai ƙarfi ta wannan hanya a shekarar 2000. Garin Juno na jihar Alaska ya bi baya a 2001 da jiragen yawon shaƙatawa, sannan tashar Los Anjalis ta yi wa jiragen kwantena a 2004. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a kan haka a 2007. Tarayyar Turai kuwa ta zartar cewa daga 2030 tilas ne manyan jiragen kwantena da na fasinja su jona a manyan tashoshinta.

Aikin ba shi da sauƙi. Ana ba jirgi wuta mai ƙarfin bolt 6,600 ko 11,000, ta gidajenmu kuwa ba ta wuce wajen 230 ba. Haka kuma wutar Nijeriya sau 50 take kai da komo a daƙiƙa, ta yawancin manyan jirage sau 60, don haka sai an kafa na'ura mai tsada da za ta daidaita su. Amma babban sharaɗi shi ne amana. Matuƙin da ke ɗauke da kifi ko magani a sanyi ba zai kashe injinsa ba sai ya tabbata wutar tudu ba za ta ɗauke ba.

A nan ne zancen ya iso gida. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wutar da ake rabawa a layin ƙasa takan tsaya wajen megawat 4,000 zuwa 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. A watan Oktoba na 2024, jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako a cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Ƙasar da asibitocinta ke dogara da janareta, da wane baki za ta ce wa baƙon jirgi a Apapa, ko Tin Kan, ko sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023, ya kashe nasa?

Mu mutanen kan iyaka mun ga ɗaya gefen al'amarin. Nijar ta yi shekaru da yawa tana sayen mafi yawan wutarta daga Nijeriya, kuma layin da ya tashi daga Katsina shi ke haskaka Maraɗi, maƙwabtanmu da muke auratayya da su. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023, aka yanke wutar a farkon Agusta, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Ko me mutum ke gani game da siyasar lamarin, darasin a fili yake: wanda aka taɓa cire wa igiya, da wuya ya sake sakin jiki, kuma zai nemi injin kansa ko da ya fi tsada.

Saboda haka, 'yan'uwa, gobe a cikinmu za a sami injiniyoyi, da jami'an kwastan, da masu tsara kasafin kuɗi. In aka kawo mana takardar wani babban aiki mu sa hannu, ko na tashar ruwa ne ko na asibitin ƙaramar hukuma, mu fara da tambaya uku: daga ina wutar za ta fito, wa zai kula da layin, kuma wa zai biya hasara ranar da ta ɗauke? In babu amsa, kada mu sa hannu. Ranar da mai walda a Sabon Birni ya yarda ya jingine janaretansa, a ranar ce za mu iya miƙa wa jirgi igiya ba tare da jin kunya ba.

Allah ya sa mu ga wannan rana.